Alfadaran Kakan Injiniya

Bangon da ya raba ɗakin Gariba direba da sashen Injiniya Haladu Auta a unguwar Mu'aither ta birnin Doha allo ne aka shafa wa fenti. Don haka ranar Juma'a da hantsi rigimar ta iske shi har kan katifa.

"Baban Hafiza, don Allah ka buɗe ambulan ɗin nan ka karanta kafin baƙi su zo," in ji Atine, matar Injiniya.

Injiniya ya katse ta. "Khalas, magana ta ƙare! Jinin soja ba ya leƙe. A gaban jama'a za a buɗe!"

Da gaskiyarsa. Ai Injiniya ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne Janar na Mu'aither, wanda ko layin shawarma ya shiga sai ya ƙame. Shekara uku yana sanar da Doha cewa kakansa samanja ne a rundunar sojan ƙasa ta Ingila, shi ya fatattaki Japanawa daga Burma, Turawa na biye da shi suna haki. Da zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan Arewa ya matso, sai ya rubuta wa ma'ajiyar tarihin rundunar. Amsa ta iso a ambulan, ya yi odar rago.

Bayan masallaci falo ya cika. Gariba ya raɓe kusa da tiren shinkafa. Janar ya miƙe, shadda na ƙara.

"'Yan uwa, shugabanci gado ne. Lokacin da kakannin wasu ke tonon gyaɗa, nawa oda yake bayarwa."

Ya miƙa wa Dakta Nurudeen, abokin takararsa, ambulan ɗin, don kunyar ta fi ratsa shi. Dakta ya gyara tabarau, ya fassara a tsanake. Auta Zariya. An ɗauke shi a Kaduna. Aikinsa, zuba wa alfadarai ciyawa. Ya yi kwana goma sha tara. Ran da aka fara gwajin bindiga ya haura katanga, ya bar jar hularsa a bariki. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Gariba ya cusa loma don kada dariya ta kubce masa. Wani ya ce a yi zaɓen tun shinkafa na da zafi. Janar ya samu hannu biyu, duka nasa.

Duk da haka ya rako baƙi har bakin ƙofa, ƙirji a gaba.

"In kun fita ku dai faɗi gaskiya," ya ce. "Alfadaran nan na Sarkin Ingila ne."