Manja Abdulwahab da Begilar Dokta Lawali

"Ranar gasar badujala ta tamanin da tara, da na wurga sandar manja sama a Kano, sai da na gyara hula, na gaisa da alƙalan gasa, na sha ruwa, sannan ta sauko hannuna!"

Abdulwahab ke nan, abokina, mai ba da magani a wani kanti a unguwar Harra ta Gabas, nan Madina. A gabansa Manja muke ce masa, wato jagoran fareti mai sanda, a bayansa kuwa Janar Farasitamol. Duk Alhamis bayan la'asar muna taruwa a falon Dokta Lawali a Ƙurban, likitoci da injiniyoyi masu furfura, ba abin da muke yi sai musun badujala, wato ganga da begilar faretin makarantu. Wasu su rantse na da sun fi, wasu su ciro waya su nuna gasar Amurka, mutum ɗari na busa suna juyawa kamar mutum ɗaya. Manja ko kallon wayar ba ya yi.

"Wannan ai rawa ce, ya shaikh! A zamaninmu in na ɗaga sanda, tsuntsu ma tsayawa yake."

To, sai ga Dokta ya yi ritaya zai koma gida. Yana da wata tsohuwar begila ta tagulla, mai lotsawa a gefe, wadda makarantarsu ta ci kofi uku da ita. Ya ce ba zai tafi da ita ba, zai bar wa wanda ya fi nuna gwaninta, kuma shi zai gaje shi a shugabancin majalisa. Injiniya Maigandi, wani Basakkwace marar hayaniya, ya ce zai gwada.

"Khalas, magana ta ƙare, Maigandi, kada ka wahalar da leɓenka," in ji Manja. "Na riga na kafa mata ƙusa a falona."

Da gaske ya kafa ɗin, har ya kira maƙwabta sun ga ƙusar.

Ranar Asabar muka ɗunguma da iyalai zuwa wata gonar dabino a Al-Awali, mai doguwar katanga, yadda ba wanda za mu dama. Mata suka zauna a rumfarsu bayan labule, mu muka jeru a tabarma. Can sai ga Manja ya fito daga mota. Wayyo cikina! Jar riga har wuya cikin zafin Madina, kafaɗu sun sha tuntayen labulen falonsa, ƙirji ya sha lambobin yabo, ɗaya ma na taron masu harhaɗa magunguna ne. Sandar kuwa ta goge-goge ce, ya ɗaura mata murfin buta a ka.

Aka fara da busa. Maigandi ya karɓi begila ya yi busar sauke tuta, a hankali, tsaf. Wallahi sai da na ji ƙwalla, na tuna filin makarantarmu da yamma. Manja ya taɓe baki.

"Ba laifi, ga ɗan koyo."

Ya karɓa, ya goge bakinta da magani, ya buɗe ƙafa, ya cika kumatu. Shiru. Ya ƙara cikawa har jijiyar wuya ta fito, ido ya yi ja. Abin da ya fito daga ƙarshe, ban san sunansa ba, amma wani jaki a bayan katanga ya gane shi, don nan take ya amsa, har sau uku.

"Iskar garin nan ce ta bushe," in ji Manja yana haki. "Begila tana son raɓa. Kuma ni ai manja ne, manja ba ya busa. Ku matsa ku ga aikin sanda."

Muka matsa, da nisa kuwa. Ya juya ta sau ɗaya, ta kwashe hularsa. Ya juya ta sau biyu, murfin buta ya tashi ya faɗa cikin tiren shayi. Ya ce duk salo ne. Sannan ya ja numfashi, ya wurga ta sama da iyakar ƙarfinsa, ya miƙa hannu yana murmushi, ido a rufe.

Muka jira. Shi ma ya jira. Sanda dai ta shige kan dabino ta yi zamanta. Abin da ya sauko ruwan ɗanyen dabino ne da tsohuwar sheƙar kurciya, duk a kansa. Hamid mai kula da gonar, Bahaushen Sudan, ya sheƙo a guje.

"Ya jama'a, haram alaikum! Ajwa ce fa wannan, dabino mafi tsada! Wane ne majnunin?"

"Manja ne," muka haɗa baki.

Da wani ne da ya haƙura, amma ban da Janar. Ya karkaɗe kai ya ce a kawo ganga a gani, nan ne asalin fagensa. Dokta ya sa aka fito da babbar gangar da ya aro daga Jidda, ƙatuwa, mutum biyu ke riƙe da ita. Ka san yadda ake yi a makarantunmu na da: babbar ganga ta fi ƙarfin mai kaɗa ta, sai a samu wani ɗalibi a goya masa ita a baya, yana tafe a gaba a duƙe, makaɗi na biye yana dukanta. Ba ya busa, ba ya kiɗa, ko a hoto ganga ce ke fitowa, ba shi ba.

Dokta ya ɗauki gula, tsohon shauƙi ya taso masa, ya daka tsawa irin ta malamin fareti:

"Mai goyo, gaba!"

Kai, kafin kowa ya motsa, Manja ya yi tsalle ɗaya ya dira gaban ganga, ya juya mata baya, ya duƙa, ya miƙa hannuwa baya yana laluben maɗauri. Jikinsa ne ya tuna, bai shawarci bakinsa ba. Da ya farga ya so miƙewa, amma ina, an riga an ɗora masa ganga.

Dokta ya buga, Maigandi ya busa, Manja ya taka. Kai, ka ga tafiya! Ganga ko girgiza ba ta yi, kwana ma a kan ƙa'ida yake sha. Mu kuwa muna birgima a tabarma, Hamid ya manta da dabinonsa yana tafi.

Da aka tsaya, Dokta ya share hawaye ya rataya wa Maigandi begila a wuya. Manja na duƙe har yanzu, gumi na ɗiga daga tuntaye, ya ce da ƙaramar murya:

"Ai manja na gaske sai ya san kowane aiki..."

Sai muryar matarsa Tasallah ta ratso labule, tar, kowa ya ji:

"Abban Lubna, ashe goyon ganga ne! Shekara ashirin ina gasa maka bayan nan da ruwan zafi, kana ce min garin cafe sanda ka samu!"