Ƙarar Burduddugi kan Daɓen Fadamar Kanya

A Dajin Gamji komai bisa doka ake yin sa, musamman ɓarna. Kafin a taɓa ƙasa sai duba-gari ya gani, a yi shela, a saurari masu wurin. Da Sarki Zaki ya so a daɓe Fadamar Kanya a kafa kasuwa, ba a tsallake ko ɗaya ba. Raƙumin Dawa ne duba-garin. Ya je da tsakiyar rani, ya leƙo daga can sama, ya ce babu kowa. Aka yi shela, ba wanda ya ce uffan, giwaye suka samu izinin yin daɓen.

Masu wurin kuwa suna nan ƙarƙashin busasshiyar laka, kwaɗi da gaiwa, suna barcin da ruwan sama kaɗai ke tashin su daga shi. Burduddugi, wani ƙaton kwaɗo, ne kawai idonsa biyu, don wani miki a cinya ya hana shi rintsawa. Matarsa Tabawa na ƙasa, da 'ya'yansa, da duk wanda ya taɓa yi masa sannu. Kaɗaici ya ishe shi, ga tsoro. Haka ya ja ƙafa zuwa kotun Alƙali Ungulu.

"Allah ya gafarta Malam," in ji shi, "an yi shela a kan mutane suna barci. A dakatar da daɓen nan, akwai rayuka a ƙasa."

Dila, lauyan fada, ya miƙe a natse. "Fada na girmama kowane rai. Amma shari'a ba ta aiki da an ce. Mai ƙara ya tono mana ko mutum ɗaya."

"Wanda aka tono da rani mutuwa yake yi, ranka ya daɗe."

"To, ashe babu shaida."

Alƙali Ungulu mai haƙuri ne, da jira ya ci abinci duk rayuwarsa. Ya ɗage shari'a sai damina, lokacin da shaidu za su farka. Batun dakatarwa kuwa, ya ce kotu ba ta hana aiki kan zato. Kullum Burduddugi yana gefen fadama, yana jin takun giwaye har cikin haƙarƙarinsa.

Ranar da hadarin farko ya haɗo, kotu ta zauna. Alƙali ya yi dogon jawabi mai daɗi: shelar da masu wuri ba za su iya ji ba ba shela ba ce, izinin ya rushe. Dila ma ya zo ya taya Burduddugi murna.

Burduddugi ya isa fadama da la'asar, ana zabga ruwa. Rumfunan kasuwa sun cika, ruwan yana bi ta kan daɓen yana wucewa, ko ɗigo bai shiga ba. Ya tsaya daidai inda ya bar Tabawa, ya kumbura maƙogwaro, ya yi kiran da mazan kwaɗi ke yi wa matansu a ruwan fari. Ya kasa kunne. Ya sake yi.

"Malam," in ji Kura daga rumfar nama, "in ba saye za ka yi ba, ɗan matsa."