Yadda Za Ki Riƙe Saba Biyu Ba Ki Ɓata Da Dangi Ba

Ke da kike da kamfani, kuma Allah ya haɗa ki da 'yan'uwa biyu masu ilimin kwamfuta, matso kusa. An gwada matakan nan a kan Anti Manaja, mai kamfanin aika kaya. Ki bi su, na ba ki tabbaci ba wanda zai fita daga gurup ɗin dangi saboda ke.

Mataki na 1: Kada ki ce wa kowa a'a

Saba ita ce babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan ofis duka. Yaya Babba, yayan Anti, ya kawo tasa mai manhajar lasisi, wadda ake danna hotuna a cikinta. Ya ce, "Ƙanwata, wannan in ta lalace akwai wanda za a kira."

Bayan wata biyu sai ga Injiniya, ƙanin mijinta, da tasa mai manhajar kyauta: baƙin allo, fararen rubutu. "Anti, wannan sai ta shekara ba a kashe ta ba."

Anti ta dubi wannan, ta tuna wancan, ta ce Allah ya saka da alheri. Ke ma haka za ki ce.

Mataki na 2: Raba musu aiki

Ta Yaya ta riƙe rasit da takardun ma'aikata, ta Injiniya ta riƙe adireshi da bin sawun kaya. Ɗakin sabobin zai yi zafi, don haka ki cire esin ofishinki ki ba su. Masana sun tabbatar fanka ta fi lafiya ga mai kamfani.

Mataki na 3: Nemo tafinta

Sabobin nan ba sa jin yaren juna. Sakatariya ce za ta riƙa shigar da kowane suna sau biyu, da kalmar sirri biyu da ta manna a ƙasan kibod. Ranar da ta gaji ta tura sunayen kai tsaye daga wannan sabar zuwa waccan, duk harafi mai lanƙwasa ya koma alamar tambaya. Direba ya shigo riƙe da takarda.

"Anti, an rubuta katan goma na wai. Wai me?"

"Ƙwai ne, malam. Ka tuƙa a hankali."

Mataki na 4: Ki saba da amsa biyu

In abu ya tsaya, ki kira Yaya, zai ce, "Ta yaron nan ce." Ki kira Injiniya, zai ce, "Da girmansa, Anti, amma ta Yaya ce." Ki yarda da duka biyun. Ofishin da ke da saba ɗaya, laifin kan mai shi yake faɗawa.

Mataki na 5: Jira ranar riba

Za ta zo. Ta Anti ta zo wata Litinin da safe, lokacin da sakatariya ta buɗe saƙon da ya ce ta ci kyautar firiji. Ƙwayar cutar kwamfuta da ke cikin saƙon ta kulle sabar Yaya ƙam. Ga kwalayen allurar yara cikin ƙanƙara, asibitoci uku na jira kafin azahar, ƙanƙarar kuma ta fara ɗiga a siminti.

Cutar ba ta iya yaren ɗaya sabar ba, don haka adireshin suna nan lafiya. Sai dai Injiniya ya yi tafiya, kuma ba mai iya baƙin allonsa. Aka kira Yaya, ya zo ya tsaya, ya cire hula, ya sake sakawa. Can ya ja kujera ya buga waya.

"Ƙanena, ga ni gaban abin nan naka. Me zan rubuta?"

"Yaya, da kanka?"

"Faɗi kawai, kada ka ja ni da surutu."

Da yatsa ɗaya ya riƙa buga abin da ake karanto masa, gumi na bin wuyansa. Sha ɗaya da kwata mota ta fita. Anti ta shiga ofis, ta rufe ƙofa, ta goge idonta.

Mataki na 6: Kada ki bari su shirya

Nan Anti ta yi sake. Ranar Asabar suka zo mata a mota ɗaya, suna tafawa.

"Mun yi shawara," in ji Yaya. "Za mu kawo ta uku, ta riƙa haɗa biyun."

"Wace iri?"

"Wata iri ce daban, Anti," in ji Injiniya, yana auna bangon ofishinta da tef. "Teburin nan naki yana matsuwa?"

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga yadda Yaya ya riƙe masa bakin tef ɗin.

"Yana matsuwa," ta ce.

Sanarwa: Marubucin nan ba ya ɗaukar alhakin fasassun ƙwai, ko murabus ɗin sakatariya, ko rasa ofis. Mai ƙorafi ta rubuto shi sau biyu, don ba mu san wace saba za ta karɓa ba.