Kwanon Malam a Gaban Ogan Hauwa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya cinye sauran tunanina, ranar da na shiga taron ofishin jikata ba ɗankwali. (Hauwa, rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara min.)

Bayan na fita takabar Malam ne ta ɗauko ni daga Karshi zuwa ɗakinta a Mpape. Aikinta rubuta wa kwamfuta umarni. Ranar za ta nuna wa oganta wani gyara ta kwamfuta daga nan ɗakin, in ya karɓu su riƙe ta aiki. Da safe ta yi min bayani: in aka ce wa na'urar ta haɗa abu biyu, ɗaya kuma babu shi (nol suke ce masa), sai ta ƙame, komai ya tsaya. Ita kuwa ta koya wa alamar haɗawa sabon hali: in ta duba gefe ɗaya ta tarar wayam, kada ta rikice, ta miƙo wanda ya rage yadda yake.

Na ce to. Amma na yi ta juya maganar a raina.

Da azahar na kwashe tuwo, hannuna ya zuba har da kwanon Malam. Na shigo da shi, furfura a tsaitsaye, hawaye na zuba, na tsaya bayan Hauwa na ce, "Ke da kika koya wa ƙarfe haƙuri, ki koya min mana. Ni kullum na waiwaya ba ya nan, sai in ƙame."

Sai murya ta fito daga kwamfutar: "Sannu Mama, Allah ya jiƙan Baba."

Na leƙa. Maza ne reras a gilashin, suna kallona. Ni da ko maƙwabci bai taɓa ganin gashina ba! Na lalubi mayafi na rasa, sai na kifa faifan rufe tuwon a kaina, na tsaya ƙiƙam.

Hauwa ta sunkuyar da kai. Ogan ya yi gyaran murya ya ce, "Ci gaba, Hauwa, yau mun ga abin da nol yake yi wa mutum."

Sun riƙe ta, alhamdulillahi. Yanzu kafin in shiga sai na tambaya ko idon na'urar a buɗe yake. Kwanon Malam kuwa na daina zubawa, in na tuna. Kwamfuta ta koyi nata a yini guda. Ni tsohuwar na'ura ce, sai an bi ni a hankali.