Yadda Za Ka Sa A Kori Ɗalibar Da Ta Sace Maka Lakca

Ya kai malamin jami'a, Allah ya ƙara maka ilimi, ya hana shi yoyo. Na ji kukanka. Ka shiga aji ka zuba abin da ke kanka, kafin ka isa inda ka ajiye mota muryarka ta riga ka zuwa unguwar Tirwun, tana yawo a wayoyin mutanen da ko sannu ba su yi maka ba. Share hawayenka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin sakamakon da za a daɗe ana zancensa.

Ni ba ɗan boko ba ne, na bar makaranta tun kafin a yarda mu riƙe biro. Amma gidan haya gare ni a unguwar Yelwa, kowane ɗaki ɗalibai, kuma maƙwabcin mai tuya ko bai ci ba ya sha ƙamshi. A kan idona Dakta Musaddiq ya bi hanyar nan tun daga farko har ƙarshe. Shi ne abin koyinka.

Mataki na ɗaya: Ka sakankance ilimin naka ne

Wannan ba ya son bincike. Duk abin da ya fito daga bakinka naka ne, kamar yadda ruwan famfonka naka ne, ina ruwanka da dam ɗin Gubi?

Da muna karatun zaure, malaminmu ba ya faɗin magana sai ya ce daga wa ya ji ta, shi ma wancan daga wa, har ɗalibi ya fara gyangyaɗi. Tsohon yayi ke nan. Kai ka fara daga kanka.

Dakta Musaddiq kiwon dabbobi yake koyarwa, kuma lakcarsa ba ta canza ba tun yana da suma. Ɗalibai sun san inda zai yi tari. A tsakiyarta akwai labarin da ke sa aji yin tsit: yana yaro, yana kiwon shanun babansa, wata farar saniya mai karyayyen ƙaho ta ƙi shan ruwan wani tafki, ya yi ta dukanta, washegari duk waɗanda suka sha suka kwanta. Nan yakan cire tabarau ya goge ido.

Babansa atamfa ya sayar a kasuwar Wunti har ya koma ga Allah. Amma ba a hana ɗan mai atamfa kewar shanu.

Mataki na biyu: Zaɓi mai laifin da ba ta da kowa

Ni'ima 'yar hayata ce, ajin ƙarshe, ubanta ya kawo ta daga ƙauye ya ce min, “Ga amana.” Ƙawarta Fortune keke ya kife da ita, ƙafa a ɗaure, ba zuwa aji. Sai Ni'ima ta riƙa ajiye waya a teburin gaba tana naɗar mata lakcar Dakta. Ta tura guruf ɗin ajinsu, daga nan wani ya ɗora a intanet, kyauta, kowa ya ɗiba.

Kada ka nemi wancan wanin, ba ka san ɗan wane ne ba. Kama wadda ake jin muryarta a farkon naɗin tana cewa, “Fortune, ga ta yau, Allah ya ba ki lafiya.” Ɓarawon da ya yi sallama ya rage maka aiki.

Mataki na uku: Haddace kalmar nan, haƙƙin mallaka

Ka riƙa faɗinta a hankali, kana kallon silin. Na raka Ni'ima ofishin Dakta ba da haƙuri, ta durƙusa, ni kuma na cire hula.

Na ce, “Dakta, Allah ya huci zuciyarka. Yarinya ce.”

Ya ce, “Baba, ka san haƙƙin mallaka?”

“Na dai san haƙƙin maƙwabci.”

“In wani ya buɗe ɗakunanka ya ce kowa ya shigo ya kwana, za ka ce yaro ne?”

Nan ya kama ni, don gaskiya ba zan ce ba.

Ni'ima ta ce, “Malam, wallahi na goge.”

“Kin goge na Jos? Kin goge na Gombe? Gumina ne, ke! Rayuwata ce a ciki, har da shanun ubana!”

Ka ga yadda ake yi. In mai ba da haƙuri ya zo, ka tuna masa da marigayi.

Mataki na huɗu: Nemi kora, ba gargaɗi ba

Gargaɗi na masu ƙaramin ilimi ne. Kai ƙara kwamitin ladabtarwa, kuma ka daidaita ta da gab da jarrabawar ƙarshe, yadda abin zai shiga jiki. Ni'ima ta daina girki. Ta haɗa kayanta a buhu ta jingine bayan ƙofa, ta roƙe ni kada in kira ubanta, wanda ya riga ya gaya wa duk ƙauyensu cewa bana 'yarsa za ta sa hular digiri.

Mataki na biyar: Ka dage sai an saurari shaidar duka

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Ranar zama na shiga a matsayin waliyyi. Shugaban kwamitin wani tsoho ne, Farfesa Hammajoda, siriri kamar sandar kiwo, wanda ya koyar da rabin malaman wurin, har da Dakta. Tun da aka fara idonsa a rufe.

Sakatare ya ce a ɗan kunna farkon ya isa. Dakta ya ce ina! A saurara duka, kwamiti ya ga girman abin da aka sace. Ka lura, abin da mutum ya daɗe yana faɗa, shi ne farkon mai gaskata shi.

Aka kunna. Muka ji gaisuwar Fortune, muka ji tari, muka iso tafki. Farar saniya na shigowa, tsoho ya buɗe ido. Ya ɗaga hannu aka tsayar.

“Musaddiq, wane ƙahon ne ya karye?”

Dakta ya gyara zama. “Na dama, ranka ya daɗe.”

“Na hagu ne. Ni na karya shi, kuma baffana bai bar ni na kwana lafiya ba.” Ya juya ga sakatare. “Hatta tarin nan nawa ne. Shekarar da na koyar da su, mura nake fama da ita.”

Ba wanda ya yi dariya. Wata malama dai ta shiga neman wani abu a ƙarƙashin tebur, ta daɗe ba ta same shi ba.

Tsoho ya dubi Ni'ima. “'Yata, mutane sun saurara?”

“Da yawa, Baba.”

“To turo min, jikokina ba su yarda na taɓa kiwo ba. Mai haƙƙi ya yafe. Amma gobe ki nemi izini kafin ki ɗauki muryar mutum. Ko saniya sai an yi mata magana ake tatsarta.”

Mataki na shida: Janye ƙara cikin girma

Miƙe ka ce ka yafe saboda Allah da makomar yarinya. Yi sauri, kafin a rubuta cewa an riga ka.

Ni'ima ta kwance buhunta, ta zauna jarrabawa, Fortune ma ta je da sanda. Dakta kuwa yanzu da “kamar yadda malamina ya ba mu labari” yake buɗe lakca. Ɗalibai sun nemi izini sun naɗa. An ce tarin ne kawai ya ƙi barinsa.

Sanarwa

Na yi alkawarin sakamako, ban ce wane iri ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya ji kunya, kada ya zo min Yelwa, ni haya nake bayarwa, ba mutunci ba. Wanda kuma ya ɗauki rubutun nan a waya ya yaɗa, ya je shi da Allah, don rabinsa ma a bakin Fortune na ji. Abu ɗaya ne nawa: kafin ka kai ƙarar ɓarawon nono, leƙa garke ka ga ko saniyar taka ce.