Na Goma Sha Ɗaya a Jerin Fenareti

Duk layin teloli na kasuwarmu babu wanda bai san cika bakin Alhaji Sallau ba. Wai a zamaninsa, can Ikko, in ya ɗaɗa ƙwallo sai an sake raga. Mu kuwa da ba mu taɓa wuce tashar garinmu ba, muka haɗiye zancen har da ƙashi, muka naɗa shi kyaftin ranar wasanmu da mahauta. Rago guda aka ɗaure don wanda ya ci.

Awa guda Sallau na tsakiyar fili yana ba da umarni. Ƙwallo ta nufo shi, ya kauce, wai yana ba na baya dama. Aka tashi babu ci, mu da su sai haki. Alƙalin wasa ya ce a kawo jerin masu buga fenareti.

Nan Sallau ya dubi ƙafarsa. Shi kaɗai ya san ƙafar nan ba ta taɓa taka komai ba sai keken ɗinki. Ya fizgi biro, ya jera kowa har gola, ya ajiye sunansa na goma sha ɗaya.

"Babban goro sai magogin ƙarfe," in ji shi. "In abu ya gagara, ku taso ni."

A lissafinsa, kafin a zo kansa an raba gardama. Abin da ya manta, na farko a takardar shi ne Tanimu, mijin 'yarsa. Ana kiran suna Tanimu ya durƙusa.

"Ni in shiga gaban Baba? Ina zan kai kunyar?"

"Tashi ka buga, na yafe."

"A yi haƙuri, Baba."

Na biyu ƙanen Sallau ne, Bawa. Ya ce, "Yaya, ko a akushi ban taɓa riga ka sa hannu ba."

Na uku ya ce shi ma ba a daji aka raine shi ba. Muka taru muka tura Sallau gaba, har da kirari.

Ya ja da baya kamar zai bar garin, ya taho fuuu, tumbi na gaba yana biye. Dum! Ƙasa ya tokara. Ƙwallo ta mirgina sau uku, ta yi tunani, ta tsaya a rabin hanya. Muka dubi ragonmu, shi ma ya dube mu.

Golan mahauta, Ɗanlami mai tsire, ya tako a hankali, ya rusuna.

"Baba Alhaji, in ƙarasa da ita ne, ko a bari ta huta tukuna?"