Karayar Konseye Ɗantala

"Hannun ga da kunka gani, in na ɗaga shi cikin meri, mer da kainai sai ya gyara zama!"

Ɗantala ke nan, konseyen Angwal Gawo, wato kansilansu a meri, majalisar ƙaramar hukuma da mer ka shugabanta, baki awa ganga, zuciya awa ta ɗan tsako. Bari in ba ki labarinai, ƴar uwa, ki sha dariya.

Akwai wani burtali da ya ratsa gonakin hatsin garin. Manoma na son a gusa shi, Hillani sun ce nan sunka iske shi tun kakanni. Duk zaman konseye sai a taso maganar, a ɗage. Meri kuwa na da nisa, ba mai zuwa shi gani. To, in Ɗantala ya dawo sai shi biya wurin Marwa sarkin noma: "Ku niɗ ɗaga ma hannu!" A aza mai damman hatsi. Da marece shi zarce rugga wurin Ardo Bello, abokin wasanai, don shi Ba'are na: "Bahillace bawana, ba don ni ba, da shanunka sama za su dinga bi!" A ɗauro mai rago. Haka gogan naki ka ci da kumatu biyu.

Kwatsam sai mer yac ce daga yanzu za a riƙa nuna zama kai tsaye ga Fesbuk, kowa shi gani ga salula, wayar hannu. Kuma wanga karo za a yanke maganar burtali.

Ɗantala na jin haka yat tashi. Yan nuhi shagon Musbahu, inda samari masu ɗage wando ka zama.

"Malamai, hoton mutum ba haramun na ba? Ku tashi ku hana!"

Musbahu yac ce, "Baba Konseye, ga hotonka na zaɓe nan manne ga bangona. Kai kam manna shi da hannunka."

Ɗantala yak koma shina bi gida gida: "Kada ku wahal da kanku, garin ga babu rezo, salula ba ta kamawa."

Ardo Bello yac ce, "Ba'are, kwantar da hankalinka. Gindin gawon tudu rezo har zuba shikai. Can za mu taru, mu da manoma, mu ga jarumi."

Ranar zama da sahe Ɗantala yak kira matatai.

"Ajuma, kawo kara da tsumma. Ɗaure min hannuwa duka biyu, irin na maɗori."

"Mi yas same su?"

"Moto ya kada ni."

"Yaushe? Kai da ko keke ba ka da shi?"

"Ke dai ɗaure!"

Ɗan kabu-kabu yaɗ ɗauko shi, hannuwa a baje awa angulu na shan hantsi. Cikin meri Khairiyya sakatariya ta kahe salula bisa tebur.

Mer yac ce, "Masu son a gusa burtali?"

Ɗantala yad dubi salula yay yi nishi.

"Masu son a bar shi?"

Yaƙ ƙara nishi.

"Konseye, to hwaɗi da baki mana."

"Ranka shi daɗe... haƙarƙari ma... ya taɓu..." Sai tari.

Ƙuri'a tay yi kunnen doki, anka sake ɗagewa. Can gindin gawo kuwa mata har da ƙwalla: "Allah sarki, da karaya ya tahi don mu!" Ardo ma yac ce zai kai mai man shanu na shahwawa. Wallahi da ya tsira.

Sai anka ba da hutun cin abinci, salula na nan tana aikinta. Anka shigo da tire na gasassun zabbi, kowa yak kai hannu, Ɗantala na zaune shina haɗiyar miyau. Can mai rabo yac ce, "Cinya guda ta rage, wa ka so?"

Hannuwa biyu sunka tashi sama lokaci guda, kara na karyewa ɓas! ɓas! "Ni! Ni nan!"

Gindin gawo kowa ya gani. Marwa yad dubi Ardo. "Wai kai mi shika gaya maka in ya dawo?"

"Kai hwa mi shika gaya maka?"

Ɗantala bai san an yi ba. Bakin gari yas sa ɗan kabu-kabu yas sake ɗaure shi da igiyar kaya, tamau, yash shigo da la'asar shina "wash, wash". Yat tarar da gari duk ƙohwar gidanai, manomi da Bahillace tabarma guda.

Ardo yac ce, "Sannu da jiki, Ba'are. Mu ma mun koyi zaman meri yau. Jama'a, masu son a sake konseye?"

Hannuwa sunka tashi awa hatsi ya yi kai. Har wani hannu yal leƙo ta bisa dangar gidan, riƙe da muciya.

"Masu son a bar shi?"

Ɗantala yay yunƙura, yam murɗa, yac cije. Igiya taƙ ƙiya.

Ardo yad duba gabas, yad duba yamma, yac ce, "To, Marwa, shaida. Ko shi bai zaɓi kainai ba."